Na Ɗauko Fenelofi Daga Itaka, Masu Karatu Suka Kai Ni Kotu

Ranar wata Laraba da daddare na saki shafi na tara na labarin da nake rubutawa a rukuninmu na WhatsApp. Ban kai ga ajiye wayar ba sai ga saƙon murya daga wata mai karatu da duk muke kira Anti, don ta girme mu nesa ba kusa ba. “Marubuciya, ki yi haƙuri fa,” in ji ta, “amma wace irin mace ce za ta zauna shekara ashirin miji bai ce mata ci kanki ba, alhali ga alƙali a gari? Ko garin naku babu kotu ne?” Kafin asuba mutum goma sha wani abu sun mara mata baya. Wata ma cewa ta yi Saude, jarumar tawa, ba haƙuri ke damunta ba, sakarci ne. Na kwana ina juyi, don na san gaskiya suka faɗa. Wata uku na yi ina gini da tubalin toka.

Labarin da na ɗauko na tsoffin Girkawa ne, yana cikin doguwar waƙar nan Odisi da ake danganta wa Homa, wadda masana ke cewa an tsara ta wajen ƙarni na 8 ko na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Na fara cin karo da ita a wata fassarar Turanci marar bango da na saya wajen masu baza littattafai a bakin titi. Odisiyos, sarkin tsibirin Itaka, ya tafi yaƙin Turoyi ya bar matarsa Fenelofi da jinjiri mai suna Telemakos. Yaƙin ya ci shekara goma, hanyar dawowa ta ci wata goman. A shekarun ƙarshe manema 108 suka tare a fadarsa, suna yanka masa dabbobi suna shanye masa giya, kowa na jiran ta nuna wanda take so. Sai ta kafa masaƙa, ta ce ba za ta yi aure ba sai ta gama saƙa likkafanin surukinta Layatis. Da rana ta saƙa, da dare ta kunna wuta ta warware. Shekara uku tana yi musu wannan wasa da hankali, a ta huɗu wata kuyanga ta tona mata asiri.

Da na gama karantawa na ce ai wannan matar na san ta. Kowace unguwa tana da wadda mijinta ya tafi ci-rani aka ji shiru. Sai na mai da Odisiyos ya zama Ilu magini, wanda ya bi ta Agadas ya shiga Libiya a 2009, shekara biyu kafin faɗuwar Gaddafi ta hargitsa ƙasar. Fenelofi ta zama Saude, yaron ya zama Nura. Na zaci sauya suna da sauya tufafi ne kawai aikin.

Bayan maganar Anti na roƙi yayana ya raka ni wajen wani malami da ke karantar da fiƙihu a zauren gidansa. Na ce, “Allah gafarta Malam, matar da mijinta ya ɓata, mene ne hukuncinta?” Ya ce a mazhabar Malikiyya takan kai ƙara, alƙali ya sa a yi cigiya, in ba a ji ɗuriyarsa ba a ɗebar mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, daga nan ta yi aurenta. In kuwa bai bar mata ci da sha ba, ba sai ta jira duk wannan ba. Har na miƙe sai wani abu ya faɗo mini, na ce shekara huɗun daga yaushe ake lissafa su? Ya ce, “'Yata, ba daga ranar da ya sa ƙafa ya fita ba. Sai ta kai magana gaban alƙali tukuna.”

A kan hanyar komawa gida na gane na sami masaƙata. Dama likkafanin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, don mu ba ma saƙa shi. Yadi ne fari ake yankowa ranar da aka yi rasuwa, kuma matar da ta ce tana tanadar wa surukinta likkafani yana raye, cewa za a yi fata take yi masa. Sai ƙarar ta zama saƙar. Kawun Saude ya tasa ta gaba zuwa kotu da rana, ta amsa duk abin da aka tambaye ta kanta a sunkuye. Da dare ta aika wa shaidu ranar zama ba daidai ba, ko ta kwanta ciwon ƙarya, har a gaji a kori ƙarar, lissafi ya koma farko. Sau uku ta yi haka kafin 'yar riƙonta ta faɗa wa kawun. Na janye shafuka taran na sake su daga tushe, kuma tun daga nan ba wanda ya ƙara kiran Saude sakarya. Anti cewa ta yi, “Yanzu kika zo. Ashe makira ce.”

Allolin Girkawa kuwa tun farko na san ba za su shigo mini littafi ba, kuma ba wanda ya nemi su shigo. Amma da na zare su sai labarin ya saki jiki kamar rigar da aka cire wa zare. A waƙar, abin da ya hana Odisiyos isa gida fushin Fosaidon ne, wanda Girkawa suka ɗauka ubangijin teku, saboda ya tsiyaye wa ɗansa ido, wani ƙaton dodo mai ido ɗaya. In babu wannan fushin, me ya riƙe Ilu? Sai da na koma na karanta wurin a hankali na ga abin da na tsallake. Odisiyos ya riga ya tsira, ya yaudari dodon da cewa sunansa Ba-kowa, jirginsa ya bar gaɓa. Sai baki ya ja shi, ya juyo ya ƙwala ainihin sunansa don a san wanda ya yi aikin. Da wannan sunan dodon ya kai ƙararsa wajen ubansa. Wato baki ne ya yanka wuya. Shi ke nan na sa Ilu ya yi cika baki a majalisa daren tafiyarsa, cewa ba zai sake taka garin ba sai da kuɗin gina wa Saude bene. Kurkuku da bashi sun riƙe shi shekaru, amma kunyar dawowa hannu rabbana ta fi su daɗewa.

Wani abin da ya ba ni dariya a wannan binciken, akwai mutanen da Odisiyos ya tarar masu cin wani ɗan itace da ke mantar da mutum gida. Hirodotas, masanin tarihin Girka, a gaɓar Libiya ya ajiye su, kuma wasu masana na ganin ɗan itacen dangin magarya da kurna ne. Ni da nake ganin na yi dabara da na tura Ilu Libiya, ashe tsohuwar hanya na bi.

Shekara ashirin ba ta yiwuwa a zamanin wayar hannu, na rage su zuwa goma sha biyu. Sai batun Kalifso, wadda ta riƙe Odisiyos shekara bakwai a tsibirinta. Na yi wa Ilu mata a garin Sabha na Libiya ina ɗari-ɗari, ina jiran a yi mini ca. Ko a jikinsu. “Namiji ne, ai aure ya yi,” in ji wata. Abin da suka kasa yafe masa shi ne layi ɗaya da na jefa ba da wata niyya ba, cewa har yanzu ya haddace lambar wayar Saude. Wannan layin ya jawo zagin da babu shafin da ya taɓa jawowa. Da ni kaɗai nake rubutu a ɗaki, da a kan kishiya zan ɓata babi uku, alhali ciwon ba can yake ba.

Inda na fi shan wuya, kuma inda na fi ƙaruwa, mafarkin dinya ne. A kashi na 19 cikin kashi 24 na waƙar, Odisiyos ya riga ya shigo gidansa a kamannin almajiri tsoho, matarsa ba ta san shi ba ne, ko kuma ta sani ta yi shiru, masana na ta jayayya a kai. Sai ta ba shi labarin mafarkin da ta yi: tana da dinya ashirin a gida suna cin alkama, tana jin daɗin kallonsu, sai gaggafa ta sauko daga dutse ta karya musu wuya. Ita kuwa ta fashe da kuka. Gaggafar ta dawo ta sauka a kan rufi, ta ce da muryar mutum dinyoyin manemanki ne, ni ne mijinki. Karatun farko na wuce wurin a guje. A na uku na tsaya cak. Kuka fa ta yi. Matar da duniya ta ɗauka madubin amana, a mafarki an kashe masu damunta, kuma ba guɗa ta yi ba.

Ni kuwa a rubutuna na farko na yi wa Saude zuciyar dutse. Manemanta uku duk na mai da su abin ƙyama, ɗaya mai tumbi, ɗaya mashayi, ɗaya mai auri-saki, don kada a zarge ta da kallon wani. Na zaci kare mata mutunci nake yi. Amma matar da ta ƙi abin da dama ba ta so, wace sadaukarwa ta yi? Sai na kashe mashayin na kawo Malam Hadi, shugaban makarantar firamare da matarsa ta rasu, mutum mai kunya wanda ya biya wa Nura kuɗin jarrabawa bai faɗa wa kowa ba. Ba ya zuwa zance, sai dai ya aiko da gaisuwa da ƙullin goro wa tsohuwa. Na bar Saude ta riƙa gane ƙarar babur ɗinsa tun daga kan kwana. A shafi na 31, ranar da wani direba ya kawo labarin an ga Ilu da rai, mata suka cika tsakar gida da guɗa, ita kuwa ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ita kanta ba ta san na wane ne ba. Rukuni ya dare gida biyu a daren nan, 'yan Ilu da 'yan Malam Hadi, mutum huɗu suka fice suna cewa na ɓata tarbiyyar jaruma. Shi ne shafin da har yau ban canza masa ko waƙafi ba.

Kisan da ke ƙarshen waƙar ban ɗauko shi ba. Odisiyos ya ɗana bakansa, ya harba kibiya ta ratsa gatura goma sha biyu, sannan ya juya kan manema ya gama da su, aka kuma rataye kuyangi goma sha biyu. Littafin soyayya ba zai ɗauki wannan jinin ba, kuma kuyangin nan har yau suna tsaya mini a rai. 'Yar riƙon da ta tona asirin Saude, faɗa kawai ta sha.

Saura gado. Bayan duk an gama, Fenelofi ta ƙi faɗawa jikin mutumin da ke cewa shi mijinta ne. Ɗanta har ya ce mata zuciyarta ta fi dutse tauri. Sai ta ce wa tsohuwar mai reno ta fito da gadon maigida waje ta shimfiɗa wa baƙo. Nan take Odisiyos ya harzuƙa: wa ya taɓa mini gado? Shi ya gina ɗakin da hannunsa kewaye da itacen zaitun, ya sare kansa ya mai da kututturen ƙafar gadon, saiwarsa na cikin ƙasa. Ban da su biyu da kuyanga ɗaya ba wanda ya sani. Fushin nan shi ne shaidar da take nema, gwiwoyinta suka saki. Mutumin da ya yaudari dodo da sarakuna, matarsa ce kaɗai ta sa shi ya yi subul da baka.

A wajenmu kuwa gado na amarya ne, iyayenta ke kawowa cikin kayan ɗaki, miji ba shi da labari a kansa. Na yi mako biyu a tsaye a nan. Innata ce ta fitar da ni, ba da saninta ba, tana ba ni labarin jegonta na fari a kan gadon ƙasa, wanda ake ginawa a jikin bango a hura wuta a ƙarƙashinsa. Ilu magini ne. Na sa ya gina wa Saude irinsa da cikin Nura, a kan kututturen wata kurna da ya ƙi tonuwa, ya shafe shi da laka su biyu kaɗai suka sani. Da ya dawo, a rame, da furfura, Saude ta gaishe shi ta bayan labule kamar baƙo, ta ce wa Nura, “Je ka ce a jawo gadon ƙasan nan zuwa zaure, a shimfiɗa wa baƙonmu.” Ilu ya ɗago kai ya ce, “Sai dai in da kurnar za ku jawo.”

Anti ta turo saƙon murya na minti ɗaya, babu magana a ciki sai jan majina. Daga baya ta rubuto, “To shi Malam Hadi fa?” Ban ba ta amsa ba, don ni ma babin da na rubuta masa bai gamsar da ni ba.

Yanzu suna ta neman littafi na biyu, kuma waƙar ta bar ƙofa a buɗe. A daren haɗuwar, tun kafin su kwanta, Odisiyos ya faɗa wa matarsa cewa akwai sauran tafiya a gabansa. An umarce shi ya saɓa filafilin tuƙa jirgi a kafaɗa, ya nausa cikin ƙasa har ya iske mutanen da ba su san teku ba, inda wani zai tare shi ya ce abin sheƙar hatsi ne ya ɗauko. Na karanta wa Inna wannan wurin, na zana mata filafilin a bayan takarda. Ta juya shi sama da ƙasa ta ce, “Wannan ai muciya ce.”