Nauyin kwamfuta ba a rajistiri yake ba

Cikin kwamfutocin da ake kawo mini shago a Nima, a birnin Accra, waɗanda suka mutu murus ba su da yawa. Galibi suna kunnuwa, nauyi ne ya addabe su. Ka danna maɓalli, ka fita ka sayo koko da ƙosai ka dawo, ba ta gama buɗewa ba. Kuma kusan duk wadda aka kawo da wannan ciwo, idan na duba sai in tarar wani ya riga ni taɓa ta, ya ɗura mata manhajar nan da ake cewa tana share rajistiri, wato ma'ajiyar saituttukan Windows, wani lokaci har biyu ko uku, kowace tana watso jan rubutu wai ta gano kurakurai dubu da ɗoriya. Mai kwamfuta ya biya kuɗin aiki, kwamfuta kuwa tana nan yadda take, in ma ba ta ƙara taɓarɓarewa ba.

Ni a Circle na koyi aikin nan, wajen Tip Toe Lane, zamanin da Windows XP ke tashe, shagunan intanet na Nima da Newtown cike da manyan kwamfutocin tebur masu ƙaton ƙeya. Maigidana wani dattijo ne ɗan Sabon Zongo, mai ƙarancin magana. Da gyaran rediyo da talabijin ya fara kafin ya koma kwamfuta, shi ya sa kunnensa ya fi idonsa aiki. Idan aka ajiye kwamfuta a tebur, ba ya barin ɗayanmu ya ɗauki sukundireba. Sai ya ce, "Yaro, tambayi mai ita tukuna." Yaushe ta fara? Me aka saka mata kafin nan? Ta taɓa faɗuwa? An ɗauke wuta tana cikin aiki? Daga nan sai ya kunna ta, ya kara kunne a jikinta, ya yi shiru. Idan faifan ajiya yana ƙas-ƙas a ciki, shi ne zai fara ji kafin kowa. Mu a lokacin gani muke ɓata lokaci ne, tunda maƙwabta suna yi wa kowace kwamfuta fomatin, wato su goge komai su sake ɗora Windows, su sallami mutum cikin awa guda. Amma mutanen da suka sallama ɗin, bayan mako biyu wurinmu suke dawowa.

Har yau haka nake aiki, haka kuma nake koya wa yaran shago. Bayan tambaya, abu na farko shi ne Task Manager. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, zai fito ya nuna maka abin da ke cin ƙarfin na'urar: farosesa ce, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki, ko ram, wurin da take riƙe aikin da ke hannu, ko faifai. Sau da yawa sai ka ga farosesa na hutawa, amma faifai ya tsaya cak a kan kashi 100. To ciwon ke nan. Laftof ɗin hannu da ake shigowa da su ta tashar jiragen ruwa ta Tema, da yawansu tsohon faifai ne a ciki, mai juyi 5400 a minti guda, wanda da ƙyar yake karanta abin da ya wuce megabait 100 a daƙiƙa, kuma idan ƙananan fayiloli ne barkatai abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba, domin sai allurarsa ta yi ta kai da kawo. SSD, sabon nau'in ma'ajiya da ke maye gurbin faifai, ko na talaka mai mahaɗin SATA yana kai wa 500 a daƙiƙa, kuma babu abin da ke motsi a cikinsa. Windows 10 da 11 ba sa barin faifai ya huta: sabuntawa, binciken ƙwayar cuta, jera fayiloli don nema. Duk wanda ya ce maka wata manhaja za ta sa tsohon faifai ya yi gudun SSD, ka riƙe kuɗinka.

Sai ram. Gigabait 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke nema, amma wannan don ta tashi ne kawai. Ka buɗe Chrome da shafuka goma sha biyar, ga WhatsApp, ga Excel, ram ya cika, sai Windows ta koma tana aron wuri a faifai, nauyi ya ninku. Gigabait 8 ya isa aikin ofis da na ɗalibi. Bayan wannan ina leƙa jerin manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta, in kashe waɗanda ba su da dalili. Na sha ganin laftof ɗauke da manhajar kariya guda biyu, kowace na binciken 'yar'uwarta. Su kuma manhajojin sata da ake saukewa kyauta, wasu da baƙo suke zuwa, mai haƙar kuɗin kirifto a ɓoye da farosesar mutum, shi yana can yana zargin tsufa.

Inda na fi jin daɗin aiki shi ne zafi, domin nan ne hannu yake nuna kansa. Farosesa idan zafinta ya doshi digiri 95 zuwa 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Mai ita ba zai ga wani saƙo ba, sai dai ya ji fanka na kuka, aiki na tafiyar hawainiya. A Accra abubuwa biyu ne ke haɗuwa. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, da ƙurar titi wadda ba ta da lokaci, sannan ga laimar teku da ke sa ƙurar ta dunƙule ta manne. Idan na buɗe laftof, tsakanin fanka da haƙoran tagulla da iska ke bi ta fita nakan ciro wani dunƙulen ƙura da ya toshe hanyar gaba ɗaya. Ina ajiye shi a kan farar takarda in nuna wa mai kaya, gani ya kori ji. Ba a hura iska mai ƙarfi a bar fanka tana juyawa yadda ta ga dama, sai a riƙe ta da yatsa. A kwance sukurorin bututun tagulla bisa lambobin da aka rubuta a jikinsu, a goge busasshen man da ke kan farosesa da sinadarin goge kayan lantarki har fuskar ta yi ƙyalli, a ɗiga sabo ɗan kaɗan, a mayar, a ɗaure a gicciye, kowane sukuru rabi-rabi, don matsin ya zauna daidai. Wanda ya cika man ya yi ɓarna, wanda ya ɗaure gefe guda tamau kafin ɗayan shi ma haka. Yaro ba ya yin wannan aiki shi kaɗai a shagona sai na tsaya a kansa na gamsu. Kuma ina roƙon masu ɗora laftof a kan katifa suna kallon fim, su nemi ko da faranti ne su sa a ƙasa.

Akwai wani abu da mutane ba sa kawowa a rai: caja. Wasu laftof ɗin Dell idan ba su gane cajar da aka sa musu ba, sai su rage gudun farosesa, batir ma ya ƙi cika. Mutum ya sayi caja mai araha a bakin titi, washegari kwamfuta ta yi nauyi, sai a ce masa rajistiri ne. Shi ya sa nake cewa a zo mini da caja.

To shi rajistirin mene ne? Ma'ajiya ce da Windows ke rubuta saituttukanta a ciki: wace manhaja ce ke buɗe wane irin fayil, wane direba, wato manhajar da ke tafiyar da na'ura, ne na firinta, wane hoto ka sa a fuskar allo. Tun Windows 3.1 ta 1992 yake, ya faɗaɗa a Windows 95. Manyan fayilolinsa, irin su SYSTEM da SOFTWARE da SAM, suna zaune a cikin jakar System32, kowane mai amfani kuma yana da nasa mai suna NTUSER.DAT. Bayanan da ke ciki dubban ɗaruruwa ne. Gaskiya ne idan ka cire manhaja takan bar 'yan saura a baya. Amma Windows ba ta karanta rajistiri daga farko zuwa ƙarshe, abin da take nema kawai take zuwa ta ɗauko. Ka ɗauka littafin mai gidan haya ne, irin manyan gidajenmu na Nima da Mamobi: akwai sunayen waɗanda suka tashi tuntuni ba a goge ba. Goge su ba zai ƙara faɗin tsakar gida ba. Matsalar ita ce idan ka miƙa littafin ga baƙon da bai san gidan ba ka ce ya goge duk wanda bai gani ba, zai haɗa da wanda ya tafi Tamale biki, jibi yana dawowa. Haka manhajar take yi. Ta ga bayani yana nuni ga firintar da ba a jona ba, ko faifan waje da aka cire, ko wani fayil da manhajar lissafi ke ƙirƙira sai lokacin buƙata, sai ta ce shara ne.

Sakamakon na gan shi a teburina iri-iri. Word ya ƙi buɗewa. Fayil ɗin PDF ya manta wanda ke buɗe shi. Sabuntawar Windows ta maƙale. Wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi ta kawo mini tata, manhajar da take rubuta kaya da bashi a ciki ta daina tashi bayan wani yaro ya yi mata "sabis". Ta ce, "Ɗana, ko nawa ne, ni dai sunayen masu bashina." Allah ya taimaka bayanan suna nan, manhajar ce ta rasa hanyar gane kanta, muka sake ɗora ta muka jona mata fayil ɗinta. Nauyin da ya sa aka taɓa ta tun farko kuwa, faifai ne ke mutuwa, ya sha ɗaukewar wuta tun shekarun dumsor, lokacin yawan ɗauke wuta a Ghana, wajen 2015.

Ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. Microsoft da kanta ta fitar da matsayi cewa ba ta goyon bayan amfani da manhajojin share rajistiri, kuma ta yi gargaɗin cewa ɓarnar da suke yi tana iya kai mutum ga sake ɗora Windows daga tushe. Daga 1 ga Maris 2018, Windows Defender, manhajar kariya ta Windows, ya fara ɗaukar manhajojin da ke tsorata mutum da saƙon kurakurai don ya biya kuɗi a matsayin kayan da ba a so, yana cire su. Ko CCleaner, wadda ta fi suna kuma ba ta cikin 'yan damfara, a 2017 masu kutse sun cusa mugun abu a cikin sigarta ta 5.33, mutum sama da miliyan 2 suka sauke ta daga hanyar da ta dace. Irin wannan manhaja izinin shiga ko'ina kake ba ta, wannan kaɗai ya isa a yi tunani. Sannan tun siga ta 1803 ta Windows 10, na'urar ta daina ajiye kwafin rajistiri da kanta a jakar RegBack, ka leƙa ka ga fayiloli fanko. Wanda ya goge bai tanadi madogarar da zai mayar da Windows yadda take ba, ya shiga uku.

In za a yi adalci, ɓangaren waɗannan manhajoji da ke kwashe fayilolin wucin gadi yana da amfani idan faifai ya cika maƙil. Wannan, da sake kunna kwamfutar da ake yi bayan an gama, su ne ke sa mutum ya ji kamar ta yi sauƙi na kwana biyu. Amma Windows tana da nata, Disk Cleanup da Storage Sense, kyauta, kuma ba sa taɓa rajistiri. Ni ma ina shiga rajistiri, ba na musu. Sai dai ina shiga ne da sanin wurin da zan je, in cire saurar ƙwayar cuta ko in gyara abu ɗaya takamaimai, bayan na kafa madogarar System Restore na kuma fitar da kwafin wurin da zan taɓa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya bai wuce masu wannan aikin sharar na minti goma ba. Sun sa mutane sun ɗauka gyaran nauyi danna maɓalli ne, don haka idan na faɗi kuɗin SSD da na aiki, sai ka ji, "Haba Malam, a can ƙasan gada sidi kaɗan aka ce mini." Nakan ce, "Alhaji, ai daga can ka fito." Masu kawo mana kaya ma sai an yi da gaske. An sha kawo mini SSD a kwali mai sheƙi wanda ya rubuta girman da ba shi da shi, ko tsohon faifai da aka goge aka ce sabo ne. Yanzu ba na karɓar ko ɗaya sai na jona shi a gaban mai kawowa, na duba da CrystalDiskInfo awa nawa ya yi yana aiki da kuma lafiyarsa, wanda na yi shakka kuma in cika shi da bayanai har baki in ga ko zai dawo da su daidai. Wasu sun daina zuwa saboda wannan, na kuwa huta. Araha ba ta ado.

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, tambayar da ta fi yawa ita ce ko tsohuwar laftof za ta ɗauki 11. A hukumance Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin na'ura, kuma a farosesar Intel galibi daga zubi na 8 zuwa sama. Akwai hanyoyin zagayewa, ina kuma gaya wa mutum gaskiyar abin da ke ciki kafin ya zaɓa. Wanda aikinsa bai wuce rubutu da intanet ba, wani lokaci Linux Mint, wadda ake ɗorawa a madadin Windows, nake ba shi shawara, tsohuwar na'ura takan sake samun numfashi da ita.

Duk wanda zai kawo mini kwamfuta mai nauyi, ya zo da cajarta, ya tuna lambar sirrinsa, kuma kada ya goge komai kafin ya zo, har da manhajar sharar, domin ina son ganin abin da ta taɓa, wasu irin waɗannan manhajoji suna ajiye kwafin abin da suka goge. Kafin mu kwance sukuru ko ɗaya, sai mun kwashe hotuna da takardu zuwa wani faifai a gaban mai su. Ranar Juma'a muna rufewa da tsakar rana, sai bayan an sauko daga masallaci.