Ruwa daga Farisa, ƙota daga Poland

A watana na biyu a ɗakin gyaran kayan tarihi a ƙasar Poland, shugabar sashenmu ta miƙo min wani lanƙwasasshen takobi, ta ce in cika masa kati: daga ina yake, kuma na wane zamani ne. Ko minti goma ban yi ba. A gindin ruwan takobin akwai rubutun zinare, "amal Asadullah Isfahani", wato aikin Asadullah na Isfahan, maƙerin Farisa da ake dangantawa da zamanin Shah Abbas, ni kuwa da allo na tashi, na karance shi ba gargada. Sai na rubuta: Farisa, zamanin Shah Abbas na Ɗaya, wanda ya rasu a 1629.

Ba ta ce uffan ba. Juya takobin ta yi, ta ɗora min ƙotar a tafin hannu. Ƙarshenta kamar kan tsuntsu. Irinsa suke kira karabela, wanda masu sarautar Poland ke ratayawa a kan doguwar rigarsu kontusz a ƙarni na 17 da na 18. Fatake kan kawo ruwan daga gabas, maƙeran Armeniyawa na birnin Lviv, wanda a da yake cikin Poland, su yi masa ƙota da kube daidai da son mai shi. In ƙota ta tsufa a sake wata, ruwan kuwa yana nan, har ya girmi abin riƙonsa da shekaru masu yawa.

Sunan Asadullah ma bai fisshe ni ba. Takubban da ke ɗauke da shi sun bazu a tsawon zamanin da ya fi ƙarfin rayuwar maƙeri ɗaya, don suna ne mai tsada a kasuwa, kowa na son liƙa shi. Ƙarfen ake tambaya. Ta karkato fitila, sai ga jauhar, wato zanen da ke cikin jikin ƙarfen kansa, ya fito, baƙi-baƙi yana murɗawa kamar ruwan gulbi. Ta gargaɗe ni cewa in na kuskura na goge shi da ƙarfi don ya yi ƙyalli, na shafe zanen ke nan.

Abin da ya fi ba ni kunya, ai na san wannan tun daga gida. Tsofaffin takubbanmu da yawa ruwansu daga Solingen ta Jamus ya ƙetaro Sahara, maƙeranmu da dukawa suka yi musu ƙota da kube.

Katin da na sake cikawa layi uku ya ci: ɗaya na ruwa, ɗaya na ƙota, ɗaya na rubutun, da alamar tambaya a gabansa.