Talata, kafin in sayi irin citta

Asubar fari na tashi da lissafi a kaina. Buhu goma na irin citta daga wani mutum a Kwoi, hayar gonar da ke bayan rafi, taki, kuɗin masu huɗa da masu rufe ciyawa. Jiya da daddare na gama tsara komai a bayan littafin makarantar ƙaramin ɗana, har ranar da zan ɗauki adashi na rubuta. Makon jiya na je na ga irin da idona. Na ɓalle ɗaya, cikinsa fes, yajinsa ya bugi hancina. Na ce wa mutumin ya ajiye mini.

Da muka zauna addu'ar safe, na miƙa wa matata takardar, na ce mu sa wannan a addu'a. Ta karanta a hankali har ƙasa, sannan ta ce, "Maigida, me za mu roƙa? Ai na ga ka gama. Jagora za mu nema, ko albarka kawai a kan abin da ka yanke?" Ba ta ɗaga murya ba, amma raina ya sosu. Na ce damina ba ta jiran kowa, citta in ta wuce Mayu an makara. Ta yi shiru, ta buɗe Littafi Mai Tsarki inda muka tsaya, Joshuwa sura 9.

Na san labarin tun makarantar Lahadi, sai dai yau ya shige ni. Mutanen Gibeyon suka zo wurin Joshuwa a Gilgal da tsofaffin buhuna, salkuna masu faci, takalma da suka tsufa, da busasshiyar gurasa mai fumfuna, suka ce daga ƙasa mai nisa suke, a ƙulla alkawarin zaman lafiya da su. Shugabannin Isra'ila ba wawaye ba ne, sun yi tambaya, sun duba guzurin. Abu ɗaya aya ta 14 ta ce ba su yi ba: ba su nemi shawarar Ubangiji ba. Bayan kwana 3 suka gane maƙwabta ne, ga shi sun riga sun rantse ba za su taɓa su ba. Rantsuwar nan ta bi su zuriya bayan zuriya, har a zamanin Dawuda aka yi yunwa shekara 3 saboda Saul ya keta ta. Ina sauraro ina ganin hannuna yana ɓalle cittar nan.

A 2023 ma haka na duba iri, haka ya yi kyau. Duk wanda ya yi noma a Kachia, Jaba ko Kagarko a shekarar ya san sauran labarin. Ganye ya yi rawaya cikin kwanaki, ka tona ka tarar da saiwa ta ruɓe tana wari. Ban ce rashin addu'a ne ya kawo cutar ba, domin dattawan da suka fi ni tsoron Allah sun yi asara tare da ni. Abin da ke damuna shi ne bashin da na ci a lokacin ban tambayi Allah ba, ban tambayi matata ba, ita ce kuma ta sayar da awakinta muka biya.

Da hantsi na bi ta majami'a, na tarar da Baba Fasto yana gyaran benci. Na kwashe duka na faɗa masa. Bai ce in shuka ba, bai ce in fasa ba. Ya ce, "Ɗana, Nehemiya ya ji labarin rushewar garun Urushalima a watan Kisle, bai buɗe baki gaban sarki ba sai Nisan. Wata huɗu yana azumi da addu'a. Da sarki ya tambaye shi, ya san tsawon tafiyar, ya san wasiƙun da yake so, har katakon ƙofofi. Addu'ar ce ta haifi shirin." Ya ƙara da cewa in zauna da matata, in je in ga malamin gona a kan ko ƙasar nan ta huta, domin ta bakin mutane ma Allah yakan yi magana.

La'asar na buga wa mai irin waya, na roƙi ya ba ni zuwa Litinin. Ya ce akwai masu nema, ba zai yi alkawari ba. Gabana ya faɗi, har na so in ce masa gobe ina tafe. Na daure na ce to, na gode.

Da dare muka durƙusa mu biyu a bakin gado, ba takarda a gabanmu. Mun yarda za mu yi azumi Laraba da Juma'a. Ita ta kawo maganar raba gonar, rabi masara da waken soya, rabi citta, abin da ko kusa bai zo mini ba. Shi ma mun sa a addu'a. Gobe da safe zan nemi malamin gona, in Ubangiji ya yarda.