Kar lambar 300 ta ruɗe ku kaman yadda ta ruɗe ni

Ƙannena masu shirin shiga harkar hoto, kusan duk sati sai wani ya turo min saƙo wai yaya wane zum (wato lens ɗin kyamara mai zuƙowa) zan saya da ɗan kuɗin nan da na tara, kuma duk tambayar iri ɗaya ce, wanne ne ya fi jawo abu daga nesa. Toh nima haka na yi tambaya a 2017, sai dai ni ban ma tsaya jiran amsa ba, kuɗin adashe na fitowa na miƙe sai kasuwa.

Lokacin ina da kyamara Canon 600D ta hannu da ɗan lens ɗin da ake haɗowa da ita, 18-55, ina bin wani ogana aikin biki a nan Jos daga Bauchi Road har Bukuru, ni ne mai riƙe fitila da ɗaukan jaka. Abun da ya cinye ni shine kallon ƙwallo. Na je filin Rwang Pam na ga masu hoto a bakin layi da dogayen lens farare kaman bututu, nace wallahi nima sai na riƙe dogo, don a tunanina tsawon lens shine girman mai hoto. Na samu wani 70-300 (lambobin tsawonsa kenan, babbar lamba ita ke jawo nesa) a wani shago wajajen Terminus, dubu 45, babu abun hana girgiza a cikinsa, ban ma san akwai wani abu mai suna haka ba. Mai shagon bai yi min ƙarya ba, ya kamata in faɗi wannan, yace yana jawowa kuma yana jawowa ɗin. Na fito bakin titi da tsakar rana na hango wani allo can ƙarshen Ahmadu Bello Way na ɗauka, na duba a ɗan gilashin bayan kyamara na ga har lambar wayar da ke jiki ana karantawa, na biya ko ragi ban nema ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya oga ya turani kamu ni kaɗai a Anguwan Rogo, karo na farko kenan da aka sake min aiki. Don rawar kai na bar 18-55 a gida. Falo ne na gidan haya, mata cike, amarya a kan darduma an lulluɓe ta, na ɗaga kyamara na leƙa sai na ga ba komai a ciki sai goshin amarya da rabin mayafi. Na ja baya, na ƙara ja, har bayana ya bugi shokes ɗin kwanuka na ji tangaran na kaɗawa, har yanzu mutum biyu ba sa shiga tare. Abun da ban sani ba shine kyamarori irin tawa sensa ɗinsu, wato ɗan faifan ciki da hoto ke sauka a kai, ƙarami ne, duk lambar tsawo da ka gani a jikin lens sai ka ninka ta da 1.6 in Canon ce, in Nikon ce 1.5, wato 70 ɗina ya koma kaman 112, a ɗakin da bai fi taku biyar ba. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, aka tada janareto mai ƙwai ɗaya a tsakiyar silin. Na ci gaba da dannawa ina addu'a.

Da dare na zuba hotunan a laftof ɗin oga. Hoto sama da 300, waɗanda za a iya nuna wa mutum ba su kai 20 ba, sauran duk kaman an shafa musu man kaɗe, hannun mai fesa turare ya zama uku, fuskar amarya ta narke. Gwaggon amarya da ta zo karɓa ta juya su ɗaya bayan ɗaya tace ɗan nan, kai da idonka ka ɗauka ko a mafarki? Na sunkuyar da kai nace Hajiya a yi haƙuri. Oga ne ya mayar da rabin kuɗin daga aljihunsa, ya cire a nawa cikin wata biyu.

Shi ya zaunar da ni ya nuna min ɗayar lambar da ban taɓa kallo ba, wadda ke zagaye a bakin lens, 1:4-5.6, wato f/4 zuwa f/5.6. Wannan ita ce girman ƙofar da haske ke bi ya shiga, kuma lissafinta a juye yake, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Daga f/2.8 zuwa f/4 haske ya ragu da rabi, daga f/4 zuwa f/5.6 ya sake raguwa da rabi, kenan mai riƙe da f/2.8 yana samun haske ninki huɗu na wanda nake samu a f/5.6 alhali muna tsaye a falo ɗaya. Kuma in kun ga lamba biyu kaman 4-5.6 ma'anarta kana zuƙowa ƙofar tana ƙara tsukewa, a daidai inda ka fi buƙatar haske nan yake guduwa. In haske ya yi kaɗan dole kyamara ta daɗe a buɗe kafin ta rufe, ni ranar tana kaiwa 1/30 na sakan, ga hannu na rawa. Ƙa'idar da ya bani ita ce saurin rufewa kar ya gaza tsawon lens ɗin, 300 a kyamarata kaman 480 ne, toh sai wajen 1/500 kafin hoto ya tsaya cak a hannu. Wannan saurin a tsakar rana kaɗai ake samunsa da irin lens ɗina, shi ya sa allon Ahmadu Bello Way ya fito tas ya yaudare ni.

Abun hana girgizar kowane kamfani da sunan da ya sa masa, Canon IS, Nikon VR, Sigma OS, Tamron VC, in baku ga waɗannan haruffan a jiki ba toh babu shi. A dogon zum ni yanzu bana ma tsayawa ciniki in babu. Amma ku sani rawar hannunka kawai yake gyarawa, baya tsayar da ƙawayen amarya in sun fara juyi, wannan sai haske ko filash.

Zaku ce na yi hankali daga nan. Ina! Bayan shekara na ga talla a intanet, 420-800, arha kaman banza, har da hoton farin wata a jikin tallan. Na yi oda. Ya zo siriri kaman sandar makiyayi, babu otofokas, wato baya saita kansa, sai ka murɗa da hannu, ƙofarsa daga f/8.3 take farawa. Na kai shi Wildlife Park na yi awa biyu ina neman biri a ciki, kafin in saita ya sauka daga bishiyar. Wannan kam ban ma samu mai saye ba, yana nan ƙarƙashin gado.

Na uku shi ya fi min ciwo don a wannan karon na zaɓi lens ɗin da ya dace, 17-50 mai f/2.8 daga farko har ƙarshe, sai na yi sakaci wajen saye. Wani ne a Abuja ya ɗora a WhatsApp, hotuna masu kyau, yace kaman sabo, na tura kuɗi aka sako min a mota na je tasha na karɓa. Daga waje ko ƙwarzane babu. Sai na lura duk hoton da na ɗauka ana fuskantar taga yana fitowa da hazo-hazo kaman hunturu ya shigo ɗakin. Wani tsohon mai gyaran kyamara ya cire murfin gaba da na baya, ya kunna fitilar wayarsa ya haska ta baya yace leƙa nan. Na leƙa na ga wasu zare-zare farare sun bazu a gilashin ciki kaman yanar gizo-gizo. Fumfuna ce. Yace an ajiye shi a wuri mai laima ne, kuma in ta daɗe tana cin rufin gilashin, ko an wanke tabon baya fita. An buɗe an wanke, ya ɗan yi dama, amma kuɗin gyara da na sayen da na haɗa sun kai in sayi mai lafiya tun farko. Da kuɗin motar Jos zuwa Abuja na kashe na je na gani da idona da duk haka bata faru ba, tafiyar da mutum zai je ya dawo a yini ɗaya.

Don haka in zaku sayi na hannu, kuma yawancinmu na hannun zamu saya tunda dala ta mayar da sabo sai kallo, ku tafi da kyamararku da katinku. A haska fitila ta baya a duba, 'yar ƙura kaɗan ba komai bace kusan kowane zum yana da ita, zare-zare da hazo ne abun gudu. A murɗa zum ɗin daga farko zuwa ƙarshe a ji ko yana cijewa ko yana ƙarar yashi, a kifa shi ƙasa a ga ko yana zubowa da kansa. Sannan ku ɗauki hoto a cikin shagon inda ba haske sosai, kar ku fita rana irin nawa, ku ɗauka a gajeren ƙarshe da dogon ƙarshe, ku buɗe hoton a laftof ko aƙalla ku zuƙo shi sosai ku duba gefe da gefe, don lens ɗin da ya taɓa faɗuwa sau da yawa gefe ɗaya yake dushewa. Mai kayan da ya hana ka gwadawa ka bar masa kayansa.

Sai maganar ko zai ma hau kyamararka. A Canon, EF-S mai ɗan farin murabba'i na ƙananan sensa ne, baya shiga masu babban sensa irin 5D ko 6D, shi kuwa EF mai jan ɗigo yana hawa duka. Masu Nikon D3000 da D5000 da 'yan uwansu ku kula sosai, babu injin fokas a jikin kyamarar, sai lens mai AF-S ko AF-P ne zai saita kansa, tsofaffin da aka rubuta AF kawai zasu hau amma da hannu zaka dinga murɗawa. Shi ma AF-P ɗin baya aiki da tsofaffi irin D3100 da D3200. Wanda ya koma kyamara marar madubi a ciki irin Canon R, adafta tana ɗaukan EF da EF-S lafiya lau, kar ya yi gaggawar sayar da tsofaffin.

Toh me zan saya da ace yau nake farawa? In biki da suna da walimar sauka ne abincinka, kaman yadda yake ga yawancin masu hoto a garin nan, 17-50 f/2.8 na Tamron ko na Sigma, shi zai ɗauki falo gaba ɗaya ya kuma ɗauki fuska, ya jure dina mai fitilu kala-kala. In kuɗin basu kai ba ka riƙe 18-55 ɗinka, ba abun kunya bane ni da na raina shi na gani, ka ƙara da 50 f/1.8, ba zum bane ƙafarka ce zum ɗin, amma a arha babu abun da ke shan haske kamarsa. In kuma da gaske nesa kake buƙata, ƙwallon unguwa ko polo ko tsuntsaye a duwatsun Shere, duk aikin rana ne, toh 55-250 IS STM ga mai Canon, mai Nikon kuma 55-200 VR ko 70-300 mai VR. Su 18-200 da ke cewa sun haɗa komai suna da daɗin tafiya don ba sai kana canje-canje ba, amma ƙarshensu f/5.6 ne ko f/6.3, matsalar falon Anguwan Rogo tana nan tana jiranka. Kuma kafin ka zuba kuɗi ka roƙi wani babba a sana'ar ya baka haya ko aro na yini ɗaya ka je aiki da shi, da yawa zasu baka in sun san ka da riƙon amana.

Ajiya ma wani abu ne a Jos, daminarmu doguwa ce ga sanyi ga laima, jaka a lungun ɗaki wata guda ta isa fumfuna ta kama. Ni roba mai murfi nake sawa da 'yan ƙullin silika ɗin nan da ake samu a kwalin takalmi, lokaci lokaci in shanya su. Da hunturu kuma bana canja lens a waje, in ya zama dole sai in juya wa iska baya in kifa kyamarar ƙasa.

Shi 70-300 ɗin ban sayar ba. Ranar Sallah da hantsi in rana ta fito sosai nakan ɗauko shi in tsaya nesa da filin idi in ɗauki yara da sababbin kaya ba tare da sun san ana ɗaukansu ba, a nan yana aiki ba laifi. Shekaranjiya ɗan yayata da ya fara bina aiki ya ganshi a kan shelf ya ɗaga yana jujjuyawa yace Kawu wannan ai shine babban, a bani shi in je kamun ranar Juma'a. Na karɓe na miƙa masa 17-50 nace ya karanta min lambar da ke bakinsa tukuna.