Hunturu uku a kan dogon babur

Ranar da na shigo da babur ɗin unguwarmu a Tudun Wadan Zariya, yara suka bi ni a guje suna ihu wai Bature ya zo. Hajiyarmu ta leƙo daga zaure, ta ƙare masa kallo, ta ce, "Wannan ai doki ka sayo, saura ka nemo masa harawa." Kawasaki KLR650 ne ɗan Kwatano, irin baburan da aka ƙera don su ci kwalta su ci daji. Tankinsa na shan lita 23, tayar gaba inci 21 ce, idan an cika shi da mai nauyinsa na neman kilo 200. Ni da na shekara goma a kan Bajaj, in na tsaya a kansa da kan yatsun ƙafa nake taɓa ƙasa.

Dalilin sayensa ba wani mai nisa ba ne. Muna da gona a bayan Soba, kuma ni mutum ne mai son tafiya. Hunturu shi ne lokacinta a wurinmu: ruwa ya ɗauke, rafuka sun janye, hanyoyin ƙauye sun bushe, rana ba ta dukan mutum. Kafin babur ɗin ya iso na ɓata dare da yawa ina kallon bidiyon Turawa masu hawa irinsa a lokacin sanyinsu. Su abin da ke damunsu dusar ƙanƙara ce, da santsi, da gishirin da ake watsawa a titi yana cin ƙarfe. Na ɗauki darasinsu kaf, na sayi jibgegiyar rigar sanyi a gwanjon Sabon Gari, na ce na gama shiri. Ashe jarrabawar wani aji na yi wa karatu.

Sanyin dai akwai shi, kada wani ya raina. A watan Janairun farko na ɗaura niyyar zuwa Jos, na fita bayan sallar asuba. A tsakar gida sanyin bai wuce na kullum ba, amma da na wuce Maigana na buɗe totur, iskar ta zama wata aba daban. Jikina lafiya lau cikin rigar gwanjo. Hannuwana ne suka ci amanata, domin safar da na sa ta zare ce, irin ta 'yan acaɓa. Kafin Dutsen Wai yatsuna sun daina jin komai, ina so in kama kuloci amma sai na duba da ido in tabbatar na kama. A Pambeguwa na tsaya wurin mai shayi, na kasa ɓalle igiyar hular kwanon da kaina. Dattijon ya zagayo ya ɓalle mini, ya miƙo kofi ya ce, "Malam, kar ka sha tukuna, riƙe shi kawai." Na riƙe da hannu biyu, yatsun suka fara dawowa da wani zugi kamar ana soka allura. Na fi rabin awa a kan bencinsa, kusa da murhu, ina tunanin Jos da ke kan tudu mita 1,200 da wani abu, ni kuma ko hawan ban fara ba.

Wannan matsalar kuɗi kaɗan suka kashe ta: safar fata mai shafi a ciki, kariyar roba a gaban hannuwan babur da ke tare iska, da rawani a wuya don kada iska ta zurara ta ƙasan hula. Sai kuma haƙurin jira rana ta ɗan ɗaga. Yanzu in ba dole ba, ba na fita kafin ƙarfe takwas.

Ƙura ce ta koya mini hankali. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, tana ɗauke da garin ƙasa tun daga Sahara, mafi yawa daga wani busasshen kwari a arewacin Chadi da ake kira Bodele. Laushinta ya fi na garin fulawa, babu kafar da ba ta shiga. Wata biyu da fara hawa sai na ji babur ɗin ya yi nauyi, in na murza totur yana yi mini gardama, mai kuma yana tafiya kamar an huda tanki. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa kowa ya san lita 23 ba abin wasa ba ce. Na zargi kafireta, na zargi fulogi, har na fara zargin wanda ya sayar mini. Na kai wa wani bakanike a Sabon Gari, yaro ne ma a kaina, amma ya taɓa aiki a kan manyan babura a Kano. Bai ko tayar da injin ba. Ya kwance murfin gefe, ya zaro soson da ke tace iska, ya ɗaga mini shi a rana. Kamar an tsoma shi a kunu an shanya. Ya ɗan buga shi a gwiwarsa, ƙura ta tashi har muka yi tari.

"Yallaɓai, yaushe rabon a wanke wannan?"

Na ce ban san ana wanke shi ba. Ya yi dariya ya ce, "To ai mura ce ta kama shi, hanci a toshe yake gudu."

A gabana ya wanke shi da kananzir, ya sake wankewa da ruwan sabulu, ya bar shi ya bushe sarai, sannan ya shafa masa mai kaɗan ya matse. Man ne ke kama ƙurar, in ji shi, soso busasshe ba ya tare komai, in kuma man ya yi yawa injin ya shaƙe. Daga ranar na sayi soso na biyu. Ɗaya na cikin babur, ɗaya na rataye a wanke, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu duk mako biyu nake musanya su, in na shiga hanyar gona kuwa a ranar. Ƙurar da ta tsallake soso cikin injin za ta, ta riƙa goge shi a hankali, kuma kayan irin wannan injin ba a tsintar su a shagunan unguwar PZ, sai an aika Legas ko waje an jira.

Sarƙa ma ta ci kuɗina, kuma laifina ne. Ina ganin gata nake yi mata, kullum ina zuba mata baƙin mai har yana ɗiga. Mai da ƙura in sun haɗu sai su zama wani baƙin kwaɓi mai cin ƙarfe, kafin hunturu na biyu ya fita haƙoran da sarƙar ke hawa sun yi tsini sun lanƙwashe. Yanzu gogewa nake fara yi da kananzir da tsohon buroshi, in sa mai ɗan kaɗan, in share ragowar da tsumma. Gilashin hular kwano kuma, duk wanda ya goge shi a bushe da hannun riga ya gama da shi, zai yi zane-zane, fitilar kowace mota ta tarwatse masa a ido. Ruwa ake fara zubawa.

Hazo kuwa ba shi da magani sai rage gudu. Akwai safiyar da daga gadar Kwangila ba ka hango abin da ke gabanka da nisan kirki, rana ta koma kamar farin faranti. Fitila a kunne nake tafiya ko da tsakar rana, saboda tirelar da ta lalace a hanyar Kano ba abin da ke nuna ta sai 'yan rassan ganye da aka jera a kwalta. Ga shanu masu tsallakawa, ga amfanin gona da aka shanya a gefen titi, ga kurar rake tana fitowa daga lungu a wajen Hunƙuyi. Takarduna kuma kullum suna aljihun gaba, don a wannan zamani mutum a kan babban babur, fuska a rufe da rawani, dole a tsayar da shi a shingen bincike. Tun daga nesa nake rage gudu in ɗaga gilashi in yi sallama.

Faɗuwa sau ɗaya na yi, a yashin wani busasshen rafi kusa da gonarmu. Na tsorata na kama birkin gaba, tayar ta nutse, muka kwanta tare a hankali kamar raƙumi. Ban ji ciwo ba, amma na yi iya yina na kasa ɗaga shi. Wasu samari uku masu ban ruwan tumatir suka taso, muka ɗaga shi da salati. Babbansu ya karkaɗe mini baya ya ce, "Baba, da Bajaj ne da tuni ka kai gida." Na ba su kuɗin goro suka ƙi karɓa, sai dai ƙaraminsu ya roƙi in ɗana shi zuwa bakin hanya. Na ɗauke shi, yana riƙe da rigar gwanjon nan tamau, yana ta ihu in ƙara wuta.