Rufin ɗakin nan dai ya daina yoyo

Jama'a daren jiya anka yi ruwa mai ƙarfi wajenmu, tun bayan isha'i har kusan ƙarfe 2, kuma ɗakin nan bai zubar da ko ɗigo ɗaya ba. Ciki na kwana da tocila a hannu ina haska azara ɗaya bayan ɗaya, wallahi sai da anka kira asalatu hankalina ya kwanta. Alhamdulillah. Shi ya sa na ce bari in rubuto tun abin shina da zafi a raina.

Ga waɗanda ba su bi ba tun farko, ɗakin kwana ne ƙarami nike ginawa a gonarmu gefen fadamar Rima, hanyar Wurno, mita 3 da rabi a mita 3, don baƙin da ke son su bar hayaniyar cikin gari su kwana su tashi da kukan tsuntsaye. Tubali ne, rufin azara da ɗaurin guga, wato bakuna masu haɗuwa a tsakiya su ɗauki rufin, ba bulo ba kwano. Zancen zafi kam tuni ya yi, a watan Afrilu da zafin rana ke kai digiri 43 ko fiye, ka shiga ciki da azahar sai ka ji kamar ka leƙa randa. Ruwa ne ya so ya kashe ni.

Ruwan farko na bana da ya sauka na tarar da katifa ta jiƙe sharkaf, bangon kusurwar gabas ya yi wani dogon zane ja tun daga sama har ƙasa. Na hau na duba, tsakiyar rufin lafiya lau, duk ɓarnar a bakin indararo take, daidai inda ya ratsa rawani, wato ɗan bangon da ya zagaye bakin rufi. To ni da gaggawata sai na sayo siminti buhu ɗaya na liƙe wurin, na shafe shi sumul har ina ɗaukar hoto. Kwana tara ya yi. Rana ta buge shi, ƙasar ƙarƙashi ta ja jikinta shi kuwa siminti ya tsaya ƙiƙam, sai ga tsaga siririya kamar zare ta zagaye facin gaba ɗaya, kuma abin haushin yanzu ruwa shina shiga ta tsagar ya kwanta a bayan simintin ba ya samun hanyar bushewa. Da na sa wuƙa na ɗaga gefe, ɓawon ya taso duka a hannuna, ƙasar da ke ciki ta zama kunu. Raina ya ɓaci sosai ranar, ban ma iya cin abinci ba.

Karo na biyu na koma makuba, na samo ɓawon ɗorawa munka jiƙa munka kwaɓa da jar ƙasa. Ga bango ta yi kyau ƙwarai, har yanzu bangon gabas da ita shike kuma ruwa na zamewa a kai, amma a bakin indararo inda duk ruwan rufi ke taruwa ya bi da gudu ba ta jure ba, ruwa biyu sunka cinye ta.

Nan na aje girman kai na ɗauko wani tsohon magini a kan mashin na kai shi. Bai ma hau ba da farko, ya tsaya ƙasa ya kalli ɗakin ya ce, ɗana wa ya ce ka fitar da indararo gabas? Na ce Baba ai nan ne gangaren gonar. Ya ce to daga ina hadari ke taso muna? Shiru na yi. Kowa ya san ruwanmu daga gabas yake zuwa da iska, wato ruwan da indararo ke turowa waje iska na maido shi kan bango da bakin ramin. Kuma indararon nawa gajere ne, bai kai kamu ɗaya ba a waje. Da ya hau ya zuba ruwa buta ɗaya a rufin sai munka ga ya tsaya ya yi tafki ɗan nesa da bakin, ashe wurin ya ɗan lotsa lokacin da ƙasar rufi ta zauna.

Abin da munka yi, munka toshe na gabas gaba ɗaya, munka huda rawani ta yamma munka sa dogaye guda biyu da ke zubarwa nesa da gindin bango, munka ƙara ƙasa a rufin har gangaren ya koma can. Sannan laso, wato shafen gargajiya mai hana ruwa shiga da ake haɗawa da gashin jima da dafara da katsi. Wanga shi ne ya ci mini kuɗi da rai. Gashin jima bai yi wuya ba, Sakkwato ce, majema na nan, buhu guda kusan kyauta anka ba ni. Dafara ma, wani tsiro mai yaɗo na daji, an samu, munka daka saiwar munka jiƙa har ruwan ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin ramin rini, shi ne tashin hankali, don marinar da ke aiki da baban rini a rami sun yi ƙaranci, masu rini da yawa sun koma na kanti a cikin ganga kuma wannan ba ya ba da katsi. Sati biyu ina yawo, da na samu kuma da kuɗinshi da na motar kawowa sai da naira dubu 26 ta fita, ta yi mini ciwo don kuɗin batirin sola ne na taɓa.

Baba bai bari an shafa da kauri ba. Shafi biyu sirara, na farko ya sha iska kwana biyu kafin na biyu, kuma da yamma yake sa a yi don kada rana ta fasa shi tun shina ɗanye. A bakin indararo da tafin hannunshi ya riƙa dannawa yana murzawa har laso ya hau kan leɓen indararon ya rufe mahaɗar, babu wani layi da ruwa zai samu ya bi. Ni na yi na biyun da kaina shina kallo, sau uku yana sa ni in kankare in sake.

Yanzu saura ƙofa, har yau asabari ne rataye, da ɗan makewayi da nike son yi daga arewa nesa da rijiya, fanka kuma sai batir ya samu. Akwai kuma gara da na gani ta fara hanya a gindin bangon kudu, azara dai ba ta cin ta amma ina jin tsoron katakon taga. Wanda ya taɓa korar ta ba da maganin feshi ba don Allah ya gaya mini mi ya yi amfani da shi, don ba ni son baƙo ya kwana cikin warin magani.