Godiya ga waɗanda suka fitar da mu kunya a wasan Sallah

Alhamdu lillahi, wasan ƙwallon PS5, wato na'urar gem ta PlayStation 5, da muka shirya da 'yan uwanmu na Yamai da na Kumasi a hutun Sallah ya yiwu, an buga an tashi lafiya. Waɗanda suka san halin da muka shiga kafin ranar sun san da ƙyar aka sha, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Matsalarmu ita ce duk lokacin da aka gwada intanet a na'urar sai ta nuna NAT nau'i na 3. NAT shi ne yadda na'urorin gida ke fita intanet da adireshi ɗaya, nau'i na 3 kuwa shi ne mafi tsanani wajen hana haɗuwa da na waje. Gem yana buɗewa lafiya lau, amma da an turo mana gayyata sai haɗuwa ta ƙi, murya kuma wani ya ji, wani bai ji ba. A guruf ɗinmu na WhatsApp kowa ya zama malami, kuma maganar duk ɗaya ce: a saka na'urar a DMZ, wato a buɗe ta ga duk abin da ke zuwa daga intanet, kawai a huta.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga abokin yayana, wanda sana'arsa ke nan, haɗa netwok a ofisoshi. Ya zo bayan la'asar, ko kuɗin mai bai karɓa ba. Bai taɓa na'urar gem ɗin ba ma da farko. Ya buɗe 192.168.1.1 a wayarsa, ya shiga shafin rauta, wato akwatin da ke raba intanet a gida, ya duba adireshin da take samu daga waje. Sai ya ga shi ma da 192.168 ya fara, irin adireshin cikin gida, ba na waje ba. Ashe rauta biyu muke da su a jere, akwatin da kamfani ya kafa da kuma tamu da muka saya don Wi-Fi ya kai ɗakunan baya, kowace tana nata NAT ɗin. Ya ce mu gode Allah, don da adireshin tsakanin 100.64 da 100.127 ya faɗo, to kamfani ne ya haɗa mu da ɗimbin mutane a kan adireshi guda, kamar yadda aka saba gani a layukan sim, kuma ba abin da za a danna a cikin gida ya gyara wannan sai dai a nemi adireshi na kanka daga wurinsu.

Abin da ya sa nake wannan rubutun ma shi ne abin da ya biyo baya. Kafin ya mayar da akwatin kamfanin mashigar intanet kawai, ya bar rautarmu ta riƙe aikin, sai ya leƙa shafin DMZ na tamu. Na'ura ɗaya tak ake iya sakawa a wurin, kuma sai ga shi an riga an saka wata: na'urar ɗaukar hoton kyamarorin gidanmu. Wanda ya kafa kyamarorin ne ya jefa ta ciki don Baba ya riƙa kallon ƙofar gida daga kasuwa, ya kuma bar ta da kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani. Rauta biyun nan da suka hana mu wasa su ne suka rufa mana asiri. Da an kawar da shingen akwatin kamfanin ba a duba ba, da tsakar gidanmu ta fito fili ga duk mai lalube a intanet.

Ya zaunar da ni ya nuna min bambancin DMZ da tura ƙofa, wato buɗe wa na'ura 'yan lambobin shiga da take buƙata kawai, ya ce, “Ƙanena, tura ƙofa kamar ka ce wa mai gadi ne, wanda ya zo neman wane ka kai shi ɗaki kaza. DMZ kuwa ka ce masa duk baƙon da ba ka san wurin wa ya zo ba, tura shi ɗakin nan.” Ya tuna min da Mirai, manhajar ɓarnar da a 2016 ta kame kyamarori da rautoci masu ɗimbin yawa ta hanyar gwada kalmomin sirrin da aka saba barinsu, har aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka a Amurka a watan Oktoban shekarar. A ganinsa na'urar gem a DMZ da sauƙi, tunda ba ta da abubuwa da yawa da ke sauraron waje. Kwamfuta ko kyamara kam, a'a.

Sauran aikin bai ɗau lokaci ba. Ya kashe DMZ, ya ɗaure wa PS5 adireshi ɗaya da ba ya canjawa ko an ɗauke wuta, ya tura mata ƙofofin PlayStation, 3478 zuwa 3480 a TCP da 3478 da 3479 a UDP. Ya kashe UPnP mai barin na'urori su buɗe ƙofa da kansu, da WPS mai barin shiga Wi-Fi ba tare da rubuta kalmar sirri ba, da damar shiga rauta daga waje, ya canja kalmomin sirri. Aka gwada, ta nuna nau'i na 2, wanda ya wadatar. Masu Xbox da ke tambayata, taku babbar ƙofar 3074 ce. Tsinkewar da ake yi ana tsakiyar kai hari kuwa ba ruwanta da ƙofofi, doguwar kebul da aka ja daga falo ce ta magance ta.

Na gode wa maƙwabcinmu da ya ara mana kebul ɗin, da ƙanena da ya hau tsani ya bi da ita ta saman taga. Na gode wa Baba da ya haƙura da rashin kallon kyamara daga kasuwa har aka sake saita masa ta hanyar da ta fi aminci, da Hajiya da ta jure ihunmu har dare, ta kuma aiko da cincin da zoɓo. 'Yan Yamai da suka ɗaga mana ranar wasa ba tare da ƙorafi ba, Allah Ya bar zumunci, ko da yake ragargazar da kuka yi mana ba ta nuna kun ji tausayinmu ba.

Yaya Injiniya, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara buɗi a sana'a. Yaran layinmu kuma da kuka ga Wi-Fi ya daina shiga wayoyinku tun ranar Laraba, ba lalacewa ya yi ba, ku daina aiko ƙanena tambaya.